Jami'a da Manomin Fadama: Bukatar Ofishin Malaman Gona a Ikara da Maƙarfi da Kudan

Sanin kowa ne cewa arewacin ƙasar Zazzau, watau Ikara da Maƙarfi da Kudan, ƙasar noma ce tun kaka da kakanni, kuma noman nata ba na damina kaɗai ba ne. Idan ruwa ya ɗauke, aka kai dawa da masara rumbu, sai aiki ya koma fadama. A nan ake samun raken da ya kai sunan Maƙarfi garuruwa masu nisa, da mazarƙwailar da ake dafawa da ruwansa, da tumatir da tattasai da attarugu da albasa waɗanda ake lodi a manyan motoci zuwa Ikko da sauran biranen Kudu. Mutumin Hunƙuyi ko Likoro ko Gimi ko Paki ba ya bukatar a gaya masa darajar ƙasa mai laima, gama da ita yake aurar da 'ya'yansa, da ita kuma yake biyan kujerar Makka in Allah ya nufa.

Sanin kowa ne kuma cewa a maƙwabtan wannan ƙasa, a Samaru, akwai wurin binciken aikin gona wanda ya yi suna tun kafin a haifi yawancin manoman yau. Daga Samaru zuwa Hunƙuyi, hedkwatar Kudan, tafiya ce wadda mai babur zai yi da hantsi ya komo kafin azahar. Amma duk da wannan kusanci, manomi da yawa a fadamun nan zai tsufa bai taɓa zama da wani malamin jami'a sun yi maganar gonarsa ba. Abin da ya sani game da Samaru bai wuce sunan da ake bugawa a jikin ledar iri ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa ƙananan ofisoshinta na malaman gona, na dindindin, a cikin waɗannan garuruwa, kuma aikin da ya fi cancanta a ɗora wa irin wannan ofis shi ne sauraron manomi da ɗauko kukansa zuwa ɗakin bincike. Can gaba za a ga inda maganar ta shafi Sashen Hausa, domin kuwa ta shafe shi ƙwarai.

Kafin a shiga gardama, ya kyautu a ɗan waiwayi tarihi. Turawan mulkin mallaka ne suka buɗe tashar gwaji a Samaru a 1922, kuma abin da ya fi damunsu a lokacin shi ne auduga da gyaɗa, watau amfanin da jirgin ƙasa zai kwasa zuwa bakin teku. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai aka miƙa mata tashar, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ake taƙaita sunanta da IAR. A 1963 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buɗe wani ɗan sashe a Samaru don ya riƙa ɗaukar sakamakon bincike yana mayar da shi yadda malaman gona za su iya aiki da shi. Sashen nan ya koma ƙarƙashin cibiyar a 1968, ya sami cin gashin kansa cikin jami'a a 1975, sa'an nan a 1987 aka aza masa nauyin ƙasa baki ɗaya. Shi ne NAERLS ta yau, mai ofisoshin shiyya a wurare irin su Maiduguri da Badeggi da Ibadan da Umudike. Ba mai adalcin da zai raina aikin da ya yi na wallafa ƙasidu da Hausa, da hotunan bango, da shirye-shiryen rediyo, da horas da ma'aikatan jihohi. Sai dai a lura da abu guda. Tun fil'azal an tsara shi ne ya yi magana da malamin gona na gwamnati, shi kuwa malamin ya yi magana da manomi. Jami'a tana riƙe da wannan bakin igiya, manomi yana riƙe da wancan, a tsakiya kuwa akwai hannun da ba na jami'a ba.

A Amurka, inda aka aro wani ɓangare na wannan tsari, ba haka abin yake ba. Dokar 1862 ce ta ba jihohi filaye don su kafa kwalejojin noma, wata dokar ta 1914 kuma ta ɗora wa kwalejojin nan aikin faɗakar da manoma, har ya zamana kusan kowace gunduma tana da ofis wanda ma'aikacinsa na jami'ar jihar ne, yana zaune cikin mutanen da yake yi wa aiki. A 1966 ma sun yi irin wannan tsari domin masunta da mazauna gaɓar teku. Ɗaya daga cikin jami'o'in nan, ta Jihar Kansas, ita ce ta taimaka wajen raya tsangayar noma da ta likitan dabbobi a Zariya cikin shekarun 1960. To, an ɗauko aji, an ɗauko ɗakin bincike, amma ofishin gunduma an baro shi a can. Murhu kuwa ba ya ɗaukar tukunya da duwatsu biyu.

Wanda ke shakkar amfanin zaman masani a cikin ƙauye, sai ya dubi abin da ya faru a Doka, bisa hanyar Zariya zuwa Kano. A 1966 da 1967 sashen binciken tattalin arzikin karkara na Samaru, ƙarƙashin wani Bature mai suna David Norman, ya zaunar da ma'aikata a ƙauyuka uku, Doka da Ɗan Mahawayi da Hanwa, suna bin magidanta shekara guda cur suna rubuta abin da aka yi a gona: wa ya fita, awa nawa ya yi, me aka shuka, me aka girba, nawa aka kashe. A wancan zamani shawarar da ke fita daga masana ita ce a shuka abu guda a gona guda, kuma ana ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ko yi wa gyaɗa gicci, tamkar alamar duhun kai. Da aka tattara lissafi sai ya nuna akasin haka. Gonar da aka haɗa shuka, in aka tara kuɗin dukan abin da ta bayar, ta fi wadda aka shuka abu guda, kuma ta fi biyan wahalar mai ita a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, sa'ad da hannu ke ƙaranci, ɗan ƙwadago ke tsada. Bugu da ƙari, in fari ya kashe wannan, wancan ya tsira, gida bai rasa abin tuwo ba.

Haka aka yi da auduga. Masana sun tabbatar a gonar gwaji cewa audugar da aka shuka a Yuni aka yi mata feshi ta fi ta Yuli bayarwa nesa ba kusa ba, suka yi ta mamakin manomin da ya ƙi shuka ta sai Yuli. Ashe manomin yana da hujjarsa. A Yuni yana kan abincin iyalinsa ne, kuma mai hankali ba ya barin dawa cikin ciyawa ya tafi neman kuɗin auduga. Sai da aka zauna da shi aka gane haka, sa'an nan bincike ya juya ya fara tambayar yadda za a kyautata audugar Yuli. Wannan aiki na ƙauyukan Zazzau yana cikin tushen abin da aka koma kira binciken tsarin noma, wanda ake koyarwa a jami'o'in ƙasashe da yawa. Abin lura shi ne, wadda ta fi ƙaruwa da zaman nan ita ce jami'a kanta, gama manomi ne ya gyara mata tambayoyinta. Amma zaman na aikin bincike ne, mai wa'adi. Da aka gama sai aka naɗe tabarma.

A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe, daga baya aka shimfiɗa irinsa a dukan Jihar Kaduna, ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ta faɗa cikin shiyyar Maigana. Zamanin nan ne dattawa ke tunawa in ana maganar malamin gona: mutum mai babur, mai ranar zuwa sananniya, wanda shi kansa ake tara shi da abokan aikinsa duk mako biyu a ƙara musu sani. A zamanin nan ne masara, wadda da can a bayan gida ake shuka ta don gashi, ta fita gona ta zama babban amfani, saboda an sami iri mai kyau, farar masarar nan TZB da ta fito daga cibiyar IITA ta Ibadan, ga takin zamani mai rahusa, ga hanyoyin karkara, ga kuma mai nuna yadda za a yi. Shirin Sasakawa, wanda ya shigo a 1992, ya ƙara wa abin ƙarfi da 'yan gonakinsa na gwaji a filin manomi. Sa'an nan kuɗin Bankin Duniya suka ƙare cikin shekarun 1990. Babura suka tsufa, malamai suka yi ritaya ba a maye gurbin da yawansu ba, taron mako biyu ya koma sai an sami hali. Hannun nan na tsakiya ya yi sanyi, igiya ta saki, alhali kuwa Samaru ba ta fasa fitar da iri ba.

Yau malamin gona na haƙiƙa a ƙauyuka da dama shi ne mai shagon maganin feshi a kasuwa. Ba a ce dukansu macuta ne ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, akwai kuma waɗanda suka san aikin. Amma mutumin da abincinsa ke cikin sayar da kwalba ba shi ya kamata a tambaya ko gona tana bukatar kwalba ba. Manomi ya zo da ganye a hannu, a duba, a miƙa masa abin da ke kan kanta, in bai yi ba a ce ya ƙara murfi biyu ko ya gauraya da wani. Bayanin da ke jikin kwalbar da Turanci yake, har da inda aka faɗi kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir a kai kasuwa, watau maganar da ta shafi lafiyar duk wanda zai ci miyar.

A 2016 aka ga iyakar wannan hali. Wata 'yar tsutsa, wadda masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata sharon, ta yi wa tumatir kaca-kaca a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta ɓulla a Sifaniya a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka ta gangaro, watau shekara goma ana kallon tahowarta. Halinta shi ne ta shige cikin naman ganye ko cikin 'ya'yan, inda yawancin magungunan da aka saba da su ba sa kai mata, kuma da wuri take sabawa da guba in aka dinga maimaita mata iri ɗaya. Manomin da ba wanda ya gaya masa haka sai ya yi abin da ya sani, ya ninka feshi, ya yi hasarar tumatir, ya yi hasarar kuɗin magani. A watan Mayu na shekarar Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta kuma tura ma'aikata Kenya su koyo dabarun yaƙi da tsutsar. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta tsaya don rashin abin niƙawa. Ofis a Ikara ba zai hana tsutsa zuwa ba, wannan kam gaskiya ne. Amma da akwai wanda aikinsa ne ya karɓi ganyen farko da aka gan ta a ciki, ya kai shi Samaru a ranar, ya komo da amsa kafin kasuwa ta zagayo, da an rage ɓarna: a tumɓuke ragowar gona a ƙone, a kafa tarko, a sauya magani, a daina zubar da kuɗi a kan wanda ba ya aiki. A shekarar ne kuma baƙuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta fara bayyana a Nijeriya, ita ma ta iske manoma ba shiri.

Akwai wani dalili kuma da ya keɓanta ga manomin fadama. Da aka yi wa cibiyoyin bincike na ƙasa rabon amfanin gona, Samaru ta tashi da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, watau amfanin tudu. Rake aka ba Badeggi ta Jihar Neja tare da shinkafa, tumatir da albasa da sauran kayan lambu kuwa aka ba cibiyar da ke Ibadan. Rabon yana da ma'ana a takarda, gama ba cibiyar da za ta iya komai. Amma sakamakonsa shi ne mai rake a Gazara, wanda jami'a ke bayan gidansa, masanin amfaninsa yana can ƙasar Nufawa, mai tumatir a Ikara kuwa nasa yana ƙasar Yarbawa. Manomi bai san rabon nan ba, kuma ba aikinsa ne ya sani ba. Shi gonarsa guda ce: da damina masara, da rani tumatir, ga rake a gangare, ga awaki a gida suna jiran harawa. Ƙofa guda yake bukata wadda zai ƙwanƙwasa, wanda ke ciki shi ya san ko Shika za a tura tambayar, wurin masana dabbobi, ko Badeggi, ko Ibadan. Masana'antar tumatir ta Ikara, wadda aka gina a farkon shekarun 1980 ta kuma shafe shekaru masu yawa a rufe, ta isa ta tuna wa kowa cewa gini da injuna ba sa wadatarwa in ba wanda ya zauna da manomi a kan irin da za a shuka, da lokacin da za a shuka shi, da farashin da zai hana shi juya kwandonsa zuwa motar Kudu.

To, wane irin ofis ake nufi? Ba a nufin bene mai na'urar sanyaya ɗaki. Ɗaki biyu kusa da kasuwa sun isa, da ɗan fili a fadama da wani a tudu inda za a gwada abu a gaban idon jama'a, da ma'aikata biyu ko uku mazauna garin, waɗanda ake gani a masallaci da wurin suna da jana'iza. Ranar kasuwa ita ce babbar ranar aikinsu. Kayan aikinsu mafi daraja kuwa littafi ne, wanda za a riƙa rubuta kowace tambaya da aka kawo, da sunan ƙauyen, da ranar, da amsar da aka bayar, ko kuwa a rubuta ƙarara cewa ba a sami amsa ba. Ɗaliban tsangayar noma, waɗanda dama sukan yi shekara guda ta aikin hannu kafin su kammala, za su fi ƙaruwa in sun yi wani ɓangare nata a irin wannan wuri. Kuma lalle ne a cikin ma'aikatan a sami mace. Matan ƙasar nan, ko da ba su fita gona ba, su ne masu kiwon tumaki da kaji, da matsar man gyaɗa, da yin awara da daddawa, da adana wake da kauɗar tumatir, kuma namiji baƙo ba zai wuce zaure ya gan su ba.

A nan ne maganar ta iso Sashen Hausa. Duk abin da aka faɗa a sama da baki za a yi shi, kuma bakin Hausa ne. Ana yawan zaton cewa duk wanda ya iya Hausa ya iya isar da ilmin gona da ita, wannan kuwa kuskure ne babba. A dubi sunayen iri. Samaru tana fitar da irinta da lamba, SAMMAZ 15, SAMNUT 24, da sauransu, lambar da ke da amfani ga mai bincike amma ba ta zama a kan manomi. Shi Bahaushe suna yake ba iri, mai nuna kamarsa ko inda ya fito: Ƙaura da Farafara a dawa, Kanannado a wake, 'Yar Dakar a gyaɗa, Ɗan Siriya a tumatir. In ba a raɗa wa sabon iri suna ba, kasuwa za ta raɗa masa, sai a wayi gari suna guda yana kan iri biyu, ko iri guda yana da suna uku tsakanin Maƙarfi da Ikara, mai sayar da jabu kuwa nan yake samun ƙofa. A dubi awo kuma. Takarda tana maganar hekta da kilo da lita, manomi yana maganar kunya da tiya da buhu da kwando da murfin kwalba. Wanda ya fassara kalmomi ya bar awo yadda yake, bai isar da komai ba.

Har wa yau, manomi yana da nasa ilmin da ke ƙunshe cikin harshe, wanda masani ba zai kai gare shi ba sai ta hanyar kalmomin. Ya bambanta jigawa da jangargari da ɗabaro da fako, ya san abin da kowace ke so. Ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, alama ce ta ƙasar da ta gaji. Tsofaffi da malamai suna lissafin damina da taurari, su Nasara da Ɗarfa da Jabha. Shi ya ƙirƙiro kamfa da sufa don takin zamani, shi ya kira irin da aka haɗa jinsi biyu mai aure, kuma da wuya wani kwamiti ya samo kalmar da ta fi wannan dacewa. Tun 1916 likitan nan Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, ƙamusun Bargery na 1934 kuma cike yake da kalmomin gona. Amma kalmomin da suka shigo bayan takin zamani da injin ban ruwa da maganin ciyawa suna nan a warwatse a bakin mutane, sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, suna jiran mai tattarawa da tacewa. Ɗaliban Hausa sun rubuta kundaye da dama a kan waƙoƙin noma da kirarin manoma da sarautar Sarkin Noma, aiki ne kuwa mai kyau. Ba laifi in wani ya ɗauki kalmomin rake da mazarƙwaila a Maƙarfi, daga dashe har zuwa tukunya, wani ya ɗauki sunayen cututtukan tumatir a Kudan, a haɗa su da masanin da zai ce ga sunan abin a kimiyya. Kada kuma a manta da ajami. Manoma da yawa ta makarantar allo suka bi, ƙasidar da ba za su iya karantawa da boko ba za su karanta ta da ajami ba gargada.

Bukatar nan ta ƙara tsananta da zuwan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, a 2024 kuma aka amince da masarar TELA, dukansu daga Samaru. Gardama a kansu ta yi zafi a jaridu da rediyo da wayoyin hannu, wasu na yabo, wasu na tsoratarwa. Ko wane ɓangare mutum ya bi, manomi yana da hakkin ya ji bayani da harshensa daga bakin wanda zai iya komawa ya tuhuma in abin bai yi ba. Tambayarsa ta farko ma mai sauƙi ce: in na girbe, zan iya ajiye iri in shuka baɗi? Amsar wake daban, amsar masara mai aure daban, kuma kuskuren kalma guda a nan zai iya jawo wa gida hasarar damina sukutum.

Masu suka za su ce jami'ar da ke fama da biyan kuɗin lantarki, wadda yajin aiki ya rufe watanni da yawa a 2020 da 2022, ina ta ga halin buɗe ofis a ƙauye? Sukar tana da nauyi, kuma ita ce ma ke nuna yadda ya kamata a tsara abin: ƙaramar hukuma ta ba da ɗaki da fili, jami'a ta ba da mutum da sani, a kuma tabbatar ofishin ba ya bin kalandar karatu, gama tsutsa ba ta zuwa hutu. Wasu za su ce ai wannan aikin hukumar gona ta jiha ne. Haka ne, kuma ba a ce a ƙwace mata ba. Mutum uku ba za su zagaye gonakin Ikara ba. Su dai su zama madogara ga malaman jiha, wurin da su ma za su kawo abin da ya gagare su. Tsarin nan na ƙauyukan riƙo, inda cibiya ke zaɓen 'yan ƙauyuka tana kai musu sababbin dabaru, mafari ne mai kyau, sai dai ziyara ce, baƙo kuwa abin da aka shirya masa yake gani. Masu cewa rediyo da waya sun wadatar, su ma suna da rabin gaskiya. NAERLS tana da layin da manoma ke kira, kuma hoton ganye ta WhatsApp yakan taimaka. Amma ba a murza ƙasa a tafin hannu ta waya, ba a kuma ganin cewa ruwan da ake ban tumatir da shi ne ke kwanciya a gindinsa.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta manomin kansa, wanda zai ce shi ba shawara ce ta dame shi ba, tsadar taki ce, da tsadar fetur na injin ban ruwa tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Ba mai musun wannan. Sai dai lokacin da buhun yuriya ya yi tsada shi ne lokacin da ya fi zama wajibi a san cewa wanda aka watsa a bisa busasshiyar ƙasa wani kaso nasa iska ke tafiya da shi, wanda aka binne kuwa yana zama. Kuma ko kusa kada a yarda ofishin ya zama wurin rabon taki ko rance. Ranar da aka sauke buhu na farko a ƙofarsa, ranar ce 'yan siyasa za su gane hanyarsa, manomi kuma ya daina zuwa da ganye, ya koma zuwa da takardar kansila.

Yadda za a gane ko ofishin yana aiki ba shi da wuya. Kowace shekara Cibiyar Samaru takan yi babban taro inda ake duba binciken bara, a tsara na bana. A ranar farko ta taron, kafin a raba ayyuka, a kira ma'aikacin Maƙarfi da na Ikara da na Hunƙuyi su buɗe littattafansu, su karanta wa farfesoshi tambayoyin da aka rubuta a gabansu cewa ba a sami amsa ba.